Malam Ya Ƙi Cin Abinci

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga aikin hedimasta, gidanmu ya koma makaranta mai ɗaliba ɗaya, kuma ni ce ɗalibar. Yara duk sun tashi. Babban yana aiki a wani gari, mai bi masa tana gidan mijinta, Auta kuma tana jami'a, sai hutu muke ganinta. Malam, haka nake kiransa tun muna da ƙuruciya, haka kuma duk unguwa ke kiransa, yakan tashi da sassafe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya soke biro a aljihu, sannan ya rasa inda za shi. Sai ya shigo kicin ya tsaya a bayana, hannuwa goye a baya, yana kallon yadda nake yanka albasa. Ba ya cewa komai. Da zai ce wani abu ma da ya fi mini sauƙi.

Ciwon haƙori ne ya cece ni. Ya je wurin likitan haƙori, aka bar shi a ɗakin jira, a ɗakin kuma akwai wani tankin gilashi cike da ruwan gishiri da kifayen teku masu launi. Ya dawo gida kunci a kumbure, auduga a baki, kuma abin da ya fara faɗa, wanda da ƙyar na gane, shi ne za mu matsar da doguwar kujerar falo.

Aka matsar da kujera. Aka kawo tanki mai tsawon gadon yaro, ƙarti suka shigo da shi suna nishi. Aka kawo injin tace ruwa, da wani mai motsa ruwan, da hita, da fitila mai shuɗin haske, da batirin ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta. Aka kawo farin yashi da duwatsu masu ramuka, waɗanda Malam ya ce suna da rai. Na duba su da kyau ban ga alama ba, amma ban yi musu ba. Da na ji ana maganar gishiri sai na ɗauko masa na kicin don a rage wahala. Ya yi mini irin kallon da yake wa yaron da ya kasa rubuta sunansa a takardar jarrabawa. Ashe gishirin nasu daban ne, ana auna shi, a dama, a bar shi ya kwana, sannan a gwada da wani ɗan ma'auni. Bokitin wankina mafi kyau ya koma nasa, ya rubuta masa BANDA SABULU da jan fenti.

Makonni tankin yana gurnani a falo ba kifi ko ɗaya a ciki. Malam ya ce sai ruwan ya nuna. Baƙi sukan tsaya gaban gilashin su daɗe suna nema, wasu har su ce sun hango shi, don kada su ba maigida kunya. Daga baya ya kawo wasu ƙanana guda biyu masu shuɗin jiki, marasa kunya, masu cin duk abin da ya faɗo. Waɗannan ba su burge shi ba. Wanda ya gani a wurin likitan haƙori shi yake so.

Ranar da za a ɗauko shi na raka Malam shagon da ake sayar da irin kifayen nan. Mai shagon, wani mai tumbi da hannun rigarsa kullum a jiƙe, ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana. Ya ce wannan kifi ba na sabon shiga ba ne. Ya ce yana da tsoro, yana da tsirfa wurin ci, wasu sukan ƙi abinci har su mutu alhali abincin yana yawo a gaban hancinsu. Malam ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana fama da 'ya'yan mutane, ciki har da waɗanda iyayensu suka sallama, ba kifi ne zai gagare shi ba. Mai shagon ya ɗauko raga.

Kifin kyakkyawa ne, wannan ba zan hana shi ba. Faɗinsa kamar tafin hannu, siririn jiki kamar an danne shi da dutsen guga, fari mai ratsin ruwan lemo daga sama zuwa ƙasa. Bakinsa dogo ne siriri kamar tsinke, yana kuma da baƙin ɗigo a can wajen wutsiya mai kama da ido, har sai ka natsu kafin ka gane ina ne gaba. Malam ya ce sunansa kifin malam-buɗe-littafi, saboda yadda yake kaɗawa a ruwa kamar mai fukafukai. Da na gaya wa Auta a waya ta yi dariya har da tari, ta ce sunan ya yi tsawo, a riƙa ce masa Malam kawai. Maigidan ya ɗaure fuska ya ce wannan raini ne. Washegari na ji shi da kunnena yana tambayar gilashi ko Malam ya tashi lafiya. Da farko nakan bambanta, in ce Malam na ruwa da Malam na tudu. Daga baya na gaji, na bar wa mai sauraro ya gane da kansa.

Malam na ruwa ya shiga bayan babban dutse, ya ƙi cin abinci.

An ba shi garin kifi, irin wanda ƙananan ke rububi a kai, ko kallo bai ishe shi ba. An kawo wasu mitsi-mitsin jatan lande a daskare, aka narkar da su a kofin shayina, suka wuce ta gefen bakinsa ya kauce musu kamar an zage shi. An kawo tsutsotsi masu rai a roba, aka ba su ɗaki guda a firjina, tsakanin madara da tumatir. An jiƙa abinci da ruwan tafarnuwa, wai tana buɗe wa kifi ciki. Falo ya ɗauki wari, ƙananan nan biyu suka yi ƙiba har suna iyo da ƙyar, shi kuwa wanda ake yi dominsa yana bayan dutse, tsinin bakinsa kaɗai ake gani.

Duk lokacin da aka zuba abinci, Malam yakan tsaya dab da gilashin, hanci ya kusa taɓawa, hannuwa goye a baya, tabarau a kan karan hanci. Haka zai tsaya ba motsi har abincin ya nutse ko ƙananan su cinye. Sannan ya gwada gishiri, ya gwada zafin ruwa, ya ɗiga wasu magunguna a 'yan kwalabe yana duba launi, komai ya fito daidai, abin ya ƙara ɓata masa rai. Kifin ya fara ramewa ta bayan kai, wurin ya lotsa kamar an matse da yatsu. Shi ma maigidan sai ya rage ci. In na ajiye masa faranti ya yi loma biyu ya ture, ya koma bakin aiki. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Wata safiya ina shanya a bayan gida Auta ta kira. Na maƙale wayar a kafaɗa ina ba ta labari. Na ce Malam dai har yau bai sa komai a bakinsa ba, ya rame sai ido, ba ya son ganin mutane, an gwada duk abin da aka sani, kuma an ce in ya ƙara mako a haka sai dai haƙuri. Ban san maƙwabciyata, Maman 'yan biyu, tana nata shanyar a bayan katanga ba. Ita kuwa mace ce mai son alheri, kuma ba ta iya riƙe shi ita kaɗai.

Da la'asar ta zo da romo a kula, fuska a jiƙe. Malam da kansa ya buɗe mata ƙofa. Ta ja da baya, ta dube shi sama da ƙasa, ta ga wuyan rigar nan, ta tambaye shi ya jiki cikin raunin murya.

Ya ce, "Har yanzu dai bai ci ba."

Ta kalle ni ta bayan kafaɗarsa. Na ga abin da ta ɗauka, wato ciwon ya taɓa kai, har mutum ya fara maganar kansa kamar wani ne daban. Na ja ta falo na nuna mata tankin, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce to, to, Allah ya ba shi lafiya, ba ta faɗi wanne ba. Amma kafin ta zo ta riga ta gaya wa mutum uku, su kuma ba su zauna ba. Kwanakin da suka biyo baya mun ga jama'a. Tsofaffin malaman makarantarsa suka zo a ƙungiyance da lemo da ayaba. Wani tsohon ɗalibinsa, yanzu ƙato mai gemu da mota, ya durƙusa a tsakar falo yana neman gafarar tagar da ya fasa yana aji uku. Malam ya ce ya yafe, ya kuma ce ya sani tun a lokacin, sannan ya roƙe shi ya matsa don yana tare haske. Kowa na yi masa bayani, kowa ya leƙa bayan dutse ya ga tsinin baki, ya tafi. Amma bayanin a ƙafa yake tafiya, labarin kuwa ya riga ya hau mota, har ya isa garin da Yaya take.

Yaya ita ce babbar yayar Malam, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekaru ke nan ba sa magana. Abin da ya haɗa su kuwa, a wurin auren ɗanta ne, cikin taro, tana ba baƙi labarin yadda ta goya Malam ta ratsa ambaliya da shi, ruwa har ƙirji, don kada ya rasa ranar farko ta makaranta. Mutane suna ta jinjina mata. Sai Malam ya gyara murya ya ce a shekarar da ya shiga makaranta ba a yi ambaliya ba, an ma yi ƙarancin ruwa ne, kuma da ƙafarsa ya je. Yaya ta ajiye cokali. Tun daga ranar gaisuwarsu ta hannuna take bi, in na kira ta ta ce in gaida yara, ta tsaya nan.

Da hantsi na ji tsayuwar tasi a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Yaya tana fitowa da ƙyar saboda gwiwa, idanu sun kumbura sun yi ja, direba yana sauke wata jaka da za ta ishi mutum wata guda. Ta riƙe hannuna gam, ta ce in gaya mata gaskiya, ta same shi da rai? Na buɗe baki zan yi bayani, ta ture ni ta shige.

Ta tarar da ƙanenta tsaye a kan kujerar tsuguno, hannun riga a naɗe, hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, yana riƙe da tsutsa a bakin hantsaki yana lallashin dutse.

Sun daɗe suna kallon juna. Tsutsar ta suɓuce, ɗaya daga cikin ƙananan ya cafke.

Yaya ta juyo gare ni ta ce, "Ina mara lafiyar?"

Na nuna mata. Ta matsa, ta sunkuya, ta ƙura wa tsinin bakin nan ido. Sannan ta miƙe ta zauna a doguwar kujera, ta cire takalmi, ta ce in ba ta ruwa. Ta sha, ta ajiye kofi. Ta ce tun daga tasha take kuka, har wata mata a mota ta ba ta hankici ta yi mata ta'aziyya tun kafin lokaci. Ta ce ta bar wa maƙwabta makullinta da kajinta, ta gaya musu jinya za ta, ba ta san ranar dawowa ba, don haka ba za ta koma gobe ta ce musu kifi ne ba. Ta tambayi ɗakin da za ta sauka. Na kai jakar ɗakin Auta.

Zaman ya zama na mutum uku da tafinta ɗaya. Suna falo ɗaya, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, amma sai Yaya ta ce in gaya wa mijina ya ci abinci, ya zama kamar sandar rake da aka tsotse. Malam ya ce in gaya wa Yaya ya gode, ya ƙoshi. Ta ce in tambaye shi ko kifin ne zai yi masa jinya in ya faɗi. Ya ce in gaya mata an ji. Ni ina tsakiya da tire, ban ma buɗe baki ba saƙo ya riga ya isa. Da rana takan zauna a kujera tana kallon bayansa yana kallon tanki. Sau ɗaya na kama ta tana share ido da gefen mayafi, ta ce warin tafarnuwa ne.

Mai shagon ya ba da shawararsa ta ƙarshe. Ya ce a samo wani naman teku mai ƙwanso biyu, ɗan'uwan dodon koɗi, a buɗe shi, a soke ƙwanson a jikin dutse da naman a manne. Ya ce a teku haka kifin yake kiwo, yana tsintar abinci daga ramuka da dogon bakin nan, ba ya bin abin da ke yawo. In wannan bai yi ba, shi kam ya ƙure. Malam ya je har babbar kasuwar kifi ya samo. Ya wanke, ya buɗe da wuƙar kicin ɗina, ya soke a dutse, ya sauko, ya goge hannu, ya koma wurin tsayuwarsa.

Ina zaune ina ninke wanki. Yaya ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce da ni, da muryar da za a ji har waje, ita dai ta ga ikon Allah, yaron da ta goya ta ratsa ambaliya da shi yau shi ne ke yi wa kifi dakon ci.

Malam bai juyo ba. Ya ce, "Ba a yi ambaliya a shekarar ba."

Wannan ce magana ta farko da ya yi mata kai tsaye tun auren ɗanta. Yaya ta miƙe, gwiwa ko ba gwiwa, ta ce ba za ta zauna a ƙaryata ta a gaban kifi ba, ta fita baranda. Malam kuwa bai taɓa barin magana a rabi ba tunda na san shi. Ya bi ta yana cewa ta tsaya ta ji, shekarar da take nufi daban, ita ce shekarar da rufin ɗakin kakarsu ya faɗi. Labulen ƙofa ya rufe a bayansu. Na ji ta tana cewa shi da ko wando bai iya ɗaurawa ba a lokacin, ina ya san shekara.

Falo ya yi shiru, sai gurnanin inji. Na ci gaba da ninki. Can na ɗaga kai, sai na ga tsinin bakin nan ya ƙara fitowa. Sai ido. Sai ratsin farko, sai na biyu. Kifin ya fito gaba ɗaya, ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ya karkata ya dubi wurin da Malam ya saba tsayuwa. Ya zagaya dutsen a hankali, ya zo kan ƙwanson, ya sunkuyar da kai, wutsiya sama. Ya daɗe a haka kamar mai karanta wani abu. Sannan ya kai baki ya tsinci ɗan kaɗan, ya ja baya. Ya sake komawa. Daga nan ya shiga ci ba kama hannun yaro, yana fizga, duk jikinsa na girgiza.

Ban motsa ba, rigar Malam tana hannuna a rabin ninki. Ban san na damu da kifin nan ba sai a lokacin. Na so in kira maigidan, na kuma san in na kira an gama. A baranda ana ta lissafin wanda ya mutu kafin wane, da shekarar da aka haƙa rijiya. Na bar su.

Da suka shigo, kowa fuska a murtuke, kifin ya riga ya koma bayan dutse, ƙwanson kuma ya kusa zama fanko. Na gaya wa Malam abin da na gani. Ya duba ƙwanson, ya dubi ƙananan nan biyu, ya ce su ne. Na ce da idona na gani. Ya ce ba ya ƙaryata ni, amma ba zai iya karɓar abin da bai shaida ba. Yaya ta ce in yi haƙuri, haka yake yi wa kowa.

Washegari ya soke sabon ƙwanso ya tsaya. Tsinin baki ya leƙo, ya koma. Aka daɗe. Yaya tana shan shayi, ta ajiye kofin, wannan karon ba ta bi ta kaina ba.

Ta ce, "Kai ne. Ka matsa. Ko ni ka tsaya a kaina haka ba zan iya haɗiya ba."

Malam ya ce shi ba ya yin komai, kallo kawai yake.

"Shi ne ai," in ji Yaya.

Malam ya fita zuwa lungun da ke kaiwa ɗakunan kwana, ya tsaya inda ba a ganinsa, ya ce in riƙa gaya masa. Na zauna a kujera kamar mai karanta labarai. Na ce ya leƙo. Na ce ya fito. Na ce yana duba wurinka. Na ce ya kai baki. Malam ya kasa haƙuri ya leƙo da kai, kifin ya yi wuf ya shige. Aka sake daga farko. A karo na uku ya aiko a ba shi madubin kwalliyata, ya miƙo shi daga lungun a kan tsinin hannu, yana karkata shi har ya samo tankin. A cikin madubin da bai fi tafin hannu ba ya fara ganin kifinsa yana ci. Da aka gama ya dawo mini da madubin, ya ce yana buƙatar gogewa.

Da rana, Yaya ta shiga ta kwanta, ina kicin ina wanke-wanke, ya shigo. Bai tsaya a bayana ba, ya jingina da ƙofa. Ya ce yana so ya tambaye ni wani abu. Ya ce shi ya lura tun yara suna ƙanana ba su da ci, in an zauna a tebur sai su yi ta juya cokali, har ya taɓa tunanin kai babban asibiti. Ya ce ko dai ba haka ba ne.

Na ci gaba da cuɗa tukunya. Na yi tunanin in ce masa yara ne, haka suke. Amma mutumin da ya tsaya a lungu da madubi ya cancanci a gaya masa. Na ce yaransa suna da ci kamar fara. Na ce kafin ya dawo daga makaranta sukan cika cikinsu a nan kicin, a tsaye, suna dariya suna satar nama a tukunya, in sun ji ƙarar babur ɗinsa su goge baki su je tebur su zauna.

Ya ce, "Ban taɓa dukan kowa a kan abinci ba."

Na ce, "Ba ka taɓa ba."

Ya ce ko tsawa bai yi ba. Na ce haka ne, ko tsawa. Sannan ya ɗauki tsumma ya fara goge farantan da na wanke, abin da bai taɓa yi ba, yana gogewa yana jera su a inda ba nan ne wurinsu ba. Na ƙyale shi.

Daga ranar aka yi sabon tsari. Safe da yamma Malam zai buɗe ƙwanso ya soke a dutse, ya wanke hannu, ya fita baranda ya ja labule. A baranda kujeru biyu ne, ɗaya kuma Yaya ta riga ta mallake ta, don haka dole ya zauna kusa da ita har kifi ya gama. Kifin kuwa ba ya sauri. Kwanakin farko shiru suke yi, kowa yana kallon titi. Daga baya na fara jin magana sama-sama, ana tambayar ina wane, wance tana raye kuwa. Na fara kai musu abinci can, na lura in Yaya tana surutu Malam yakan cinye nasa bai sani ba. Ramar bayan kan kifin ta cike. A hankali ya fara karɓar jatan landen ma, ya fara zagaya tankin da rana yana leƙa ramuka, har yakan kori ƙananan in sun matsa masa. Ni yana ci a gabana, yana ci a gaban Yaya, ya taɓa ci a gaban mai gyaran famfo. In Malam ya zauna can nesa a kujera yana riƙe da jarida, wani lokaci yakan yi masa alfarma. In ya miƙe tsaye, shi ke nan.

Wata yamma ina kawo shayi na ji Malam yana cewa ya yi tunani, akwai kwata a bayan makarantar, mai yiwuwa ta cika a ranar. Yaya ta ce ambaliya ce. Ya ce an dai yi ruwa. Ta ce har ƙirji. Ya ce ita a lokacin ba ta da tsawo, don haka yana iya yiwuwa. Yaya ta karɓi shayinta ta kurɓa, ta ce sukari ya yi kaɗan.

Ta yi kusan wata kafin ta ce kajinta suna kiranta. Malam ya ɗauki jakar da kansa har tasha, ya dawo yana dafe da ƙugu. Na tambaye shi me za ta gaya wa maƙwabtanta. Ya ce ta ce za ta gaya musu mara lafiya ya samu sauƙi, ya fara cin abinci, kuma shi bai ga kuskure a maganar ba.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta kira ni da rana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce Baba ya kira ta ɗazu. Ta ce bai tambaye ta jarrabawa ba, bai tambaye ta sakamako ba, cewa ya yi me ta ci yau. Ta gaya masa, ya ce da daɗi? Ta ce eh. Ya ce to ta ƙara, ya kashe wayar. Ta kira yayanta, shi ma an yi masa haka, har ya tsayar da mota a gefen titi don ya amsa da kyau.

Ta ce, "Mama, ki gaya mini gaskiya, lafiyarsa ƙalau?"

Na ce ƙalau yake, yana baranda. Ta ce me yake yi a baranda da tsakar rana. Na ce jira yake a gama cin abinci. Sannan na tambaye ta me ta ci ɗin, don ni ba ta gaya mini ba. Ta ce biredi ne da shayi, amma wa Baba ta ce shinkafa da kaza.